Abin da Almakashina Ya Yanke

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce aji uku na lakwal ba, kuma a garinmu Gidan Amumune mace ba ta zama ta baje zancen neman aurenta gaban jama'a. Inna Furera ce ta matsa mini. Ta ce in ban rubuta ba ita za ta ba da shi a gidan biki, ni kuwa na san ta da ƙarin gishiri.

Sunana Hamida. Ranar kasuwa na fara ganin Muddassir. Wana da ke Agadas ya aiko mini da salula, na ɗauki bidiyon sunan ɗan yayata don in tura masa, bidiyon ya ƙi tafiya. Aka ce in je sabon shagon sharjin batiri na kusa da tashar ƴan kabu-kabu.

Na miƙa masa salular kaina a ƙasa. Ya kalli bidiyon, na ji yana danne dariya. Ya ce rabinsa ƙafafun mata ne da gindin tukunya, kuma rezon garin nan, wato sabis ɗin waya, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi haka. Ya sa mini wata aplikasiyon ta montaj, ta yankan bidiyo da haɗa shi, irin wadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane, don duk hotuna ne. Bidiyon ya miƙe a ƙasan gilashi kamar zanen da aka shanya a igiya. Ya nuna mini farin layin da ake tsayarwa, da ɗan hoton almakashi.

Na danna. Sai ga shi na yanke fuskar jaririn gaba ɗaya, ƙafafun na nan. Idona ya cika da ƙwalla.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Wanga abu ba ya zubar da komi. Abin da kika yanke yana nan ɓoye. Sa yatsa a gefen, ki ja."

Na ja. Jaririn ya dawo yana hamma. A nan na ɗago kai na dube shi, shi ma ni yake duba.

Tun daga ranar batirina ya koyi mutuwa duk ranar kasuwa. Ya koya mini haɗa guntaye, da kashe sauti, da rage gudun hoto. Ya sa mini suna Mai Almakashi, ni kuma ina ce masa Mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal. Saƙonsa na farko sai da na karanta shi harafi-harafi:

"Mai Almakashi, yau ba ki zo ba. Shagon cike yake da saluloli amma ba wanda ya yi ƙara a kunnena. Lafiya dai?"

Na fi sanin mahaifiyarsa da shi. Tun ina ƙarama nake shiga gidanta in taya ta matsar man gyaɗa da murza ƙuli. Maman Yasin ake ce mata, da sunan ƙanensa, don Muddassir ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye shi aka kai shi riƙo Tasawa wurin kawunsa, sai da ya zama saurayi ya dawo. In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon turmi. In za ta yi zancensa sai ta ce "mai shagon nan."

Ya taɓa ce mini ya san al'ada ce, ba ya ganin laifinta. Sai dai wani lokaci yakan ji Yasin yana tsokanarta tana dariya, shi kuma yana zaure kamar baƙo. Ya faɗa da murmushi, amma murmushin bai kai ido ba.

Da manyansa suka zo wurin Baba, Baba bai kore su ba, bai kuma amsa ba. Ya ce yaron yana da ladabi, amma shi ba ya ba da ɗiya ga wanda ba shi da ɗaki nasa ba shi da rumbu, igiyoyin lantarki ba sa cika tukunya. Wannan maganar ce ta tada Muddassir. Bayan kaka ya bar wa Yasin shagon, ya bi abokansa Aljeriya aikin gini.

Ranar da zai tafi abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce in riƙa ɗauko masa gida duk Juma'a, ko ɗan guntu ne. Ya ce ya san innarsa ba za ta yi magana ba, in dai ɗauko ta tana aikinta, ya ishe shi.

Haka na yi. Da farko Maman Yasin takan ja mayafi ta rufe fuska ta ce in kau da abin nan daga kanta. Daga baya ta saba. Na lura ranar Juma'a takan ɗaura sabon kallabi tun kafin in zo, ban taɓa nuna na gani ba. Ina ɗauka da tsawo, in zauna gindin bedi in datse, in bar inda take dariya da inda man ke tsiyaya daga tunkuza. Shi kuma ya amsa:

"Na gani, Mai Almakashi. Na kalla har sau ban san adadi ba. Kallabin Inna ya yi mata kyau. Ke kuma yaushe za ki juyo da salular wajenki?"

Da zafi ya fara shigowa tari ya kama Maman Yasin. Aka kai ta likita Mayahi, aka dawo da magani, jikin sai ƙara zubewa yake. Wata Juma'a tana tsakiyar tankaɗe tarin ya sarƙe ta har ta dafa bango. Da ya lafa ta kira ni ta ce in nuna mata abin da na ɗauka. Ta kalla, sannan ta sa yatsa a gilashin.

"Daga nan zuwa nan, cire shi."

Na ce, "Inna, ya kamata ya sani."

Ta ce in ya sani zai ajiye aikinsa ya biyo hamada cikin zafin nan, ya iso hannu biyu, Baba kuma ya ba da ni ga wani. Ta ce ita ta haife shi ba ta yi masa komi ba, wannan kaɗai ne za ta iya. Ta riƙe hannuna ta ce amana ce, ni da ita da Allah. Yasin ma ta yi masa kashedi.

Aikin da Muddassir ya koya mini da shi na rufe masa ido. Ina yanke tari. Inda muryarta ta dushe in kashe sautin, in ɗora ƙarar daka daga wani tsohon bidiyo. In ƙara haske don kada ramar ta fito. Da ta daina iya tsayuwa, mukan jingina ta da bango mu ɗora mata faifai a cinya. Murmushin da bai wuce ƙiftawar ido ba, sai in rage gudunsa in ja shi har ya yi kama da na mai lafiya. Ina yi ina kuka, hawaye na ɗiga a gilashi yana danna abin da ban danna ba.

Ya taɓa tambaya me ya sa bidiyon ke ƙara gajarcewa. Na ce rezo.

Wata rana da hantsi ta ce in jingina salular da tulu in bar ta a kunne, in je in ɗebo mata ruwan randar maƙwabta, ya fi sanyi. Da na dawo na tarar tana share ido da bakin zane. Sai da na zauna montaj na ga abin da ta yi. Na koma da gudu. Tana ganin fuskata ta gane, ta juya ta fuskanci bango.

"Wauta ce ta tsufa," ta ce. "Yanke shi. Kar kowa ya gani, har shi."

Na yanke.

Ba ta kai damina ba. Ranar da aka kai ta makwancinta, Yasin ya kira wansa ya faɗa masa. Da la'asar saƙo ya shigo mini, babu Mai Almakashi a ciki:

"Hamida, ran Juma'a na ga Inna tana murmushi. Yasin ya ce ta yi wata biyu ba ta tashi. Wanne ne gaskiya?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na ce duka biyun.

Ya iso bayan an share makoki, ya rame ya yi baƙi. Na shiga gidan da ƙwaryar fura, muka haɗu a zaure. Na durƙusa na yi masa gaisuwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ni na koya maki," ya ce. "Da hannuna na ba ki almakashin, kika yanke mani uwata. Duk rayuwata ban same ta ba, ɗan abin da ya rage, da na zo na zauna kusa da ita ko ba ta dube ni ba, shi ma kin hana ni."

Na ce ita ta sa ni. Ya ce ya sani, Yasin ya faɗa masa. Ya ce Inna tsohuwa ce mai kunya, Yasin yaro ne, amma ni ya ɗauka idonsa ce a garin nan. Ya wuce ni ya fita.

Damina ta sauka. Ban ƙara bi ta gaban shagon ba, wata ƙawata nake ba salular ta kai sharji wani wuri. Na daina montaj, mata su kawo bidiyon biki in ce aplikasiyon ta lalace. Salular kuwa kullum ƙorafi take ta cika, in goge wani abu. Na goge hotunana, na goge waƙoƙi, na goge bidiyon sunan da ya haɗa mu. Na Maman Yasin ban taɓa ko ɗaya ba.

A lokacin ne Abdulwahab, wani ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, ya fara ajiye babur ƙofar gidanmu. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Yana magana rabi Hausa rabi Faransanci, ina kallon tabarma. Baba ya kira ni ya ce ba zai yi mini dole ba, amma ba zai zuba ido ina jiran wanda ko gaisuwa ya daina aikowa ba. Ya ce in an yi girbi yana son amsa.

Gero ya fara fitar da kai, wata yamma aka ce ana sallama da ni. Muddassir ne, tsaye nesa da dakali kamar wanda ya zo karɓar saƙo. Bai zauna ba.

"Ba wani abu ya kawo ni ba," ya ce. "Na tuna abin da na faɗa maki ranar farko. Abin da aka yanke yana nan. In ba ki goge ba, ki ba ni in ga yadda ta ƙare."

Na san in ya ja gefen zai ga komi, zai ji ni ina roƙonta, wataƙila ya huce. Amma a cikin guntayen nan akwai na ranar tulu, kuma a kansa ta ce har shi.

Na ce ban goge ba, amma ba zan iya ba shi ba.

Ya ce to, Allah ya ba ni zaman lafiya da mutumin meri. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Washegari ban iya cin komi ba. Na hau kabu-kabu zuwa Attantane wurin Inna Furera, ƙanwar marigayiya. Na tarar da ita tana tsinke wake. Ban iya gaisuwa ta kirki ba, na faɗa jikinta na gaya mata duka. Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce da yayarta da ni duk ba mu da wayo, mun haɗu mun dace.

"Wa take jin kunya? Idon mutane da idon ɗanta. Yanzu tana inda ba ido. Ke kina ganin mace za ta aike ki ɗibar ruwa, da randa cike a ɗakinta, ta zauna gaban salula ta yi magana don tulu ya ji? Ta faɗa don ya ji ne, kunya ta dawo ta kama ta. Ciki ɗaya muka fito. Amanar nan na sauke maki, na ɗora a kaina, in akwai tambaya gobe ni za a yi wa."

Ba ta jira ba, ta ɗauki mayafi muka hau babur ɗaya. A tsakar gidan marigayiya ta sa aka kira Muddassir, ta shimfiɗa tabarma a inda turmin yake, ta ce ya zauna. Ta karɓi salular daga hannuna ta miƙa masa ta ce ita ba ta san kan abin ba, masu ilminsa su yi.

Ya buɗe montaj na farko. Ya sa yatsa a gefen ya ja. Tarin ya dawo. Ya buɗe na gaba ya ja, ga ta tana dafe bango. A wani wurin salular ta faɗi tana kallon rufin ɗaki, ba a ganin kowa, sai muryata ina cewa Inna don Allah ki bari in gaya mashi, ita kuma tana cewa a'a, ɗiyata, shafa mani man nan a baya. Bai dube ni ba.

Ya zo kan na ranar tulu. Abin da na tura masa a lokacin ɗan guntu ne, tana gyara kallabi. Ya ja.

Ta kalli salular kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe baki ta rufe. Sannan a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta, ta ce:

"Muddassir."

Ta yi ƴar dariya ta rufe baki. Ta sake faɗa. Ta ce ashe sunan da daɗi a baki. Ta ce ranar da aka sa shi a motar Tasawa ba ta fito ba, amma tana bayan rumbu tana leƙe har motar ta ɓace, kuma ƴar hularsa tana ƙasan kwallarta har yau, in ya so ya duba. Ta ce ranar kasuwa hanyar masu ƙuli ba ta bi ta tashar kabu-kabu, zagaye take yi don ta wuce ta gaban shagon. Ta ce bai taɓa yi mata laifi ba, in ma akwai ta yafe, shi ma ya yafe mata shirun. Tarin ya taso, ta jira ya wuce. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi mai kiran sunansa. Sai ga ƙarar takalmina ina dawowa, ta yi sauri ta goge ido.

Muddassir ya mayar da farin layin baya. Ta ce Muddassir. Ya sake mayarwa. Inna Furera ta ja ni muka shiga ɗaki muka bar shi. Ta ƙyauren na ji kukansa, kukan babban mutum mara ƙara, da muryarta tana ta kiransa.

Ya bar salular a tabarma ya fita. Na koma gida na ce a raina ko ba komi ya sami uwarsa, ni kuma in haƙura.

Ranar kasuwa saƙo ya shigo:

"Mai Almakashi, na sami hular. Na ji abin da kika roƙe ta, na ga abin da kika riƙe ke kaɗai. Maganar da na faɗa maki a zaure ba ta da gefen da zan ja in janye ta. Ki yafe mani. In batirinki ya mutu, shagon yana buɗe."

Batirina a cike yake. Na je.

Na gaya wa Baba amsata tun kafin girbi, shi ya sallami Abdulwahab cikin mutunci. Muddassir ya noma gonar mahaifiyarsa shi da Yasin, ya yi ɗaki da abin da ya samo. Baba ya je da kansa ya leƙa rumbun, ya dawo ya yi alwala, sannan ya ce a faɗa wa mutanen Tasawa su zo. Aka ɗaura aure bayan kaka. Da za a fita da ni Baba ya dafa kaina ya ce Allah ya sa gidan zamana ne, ya ba mu zuri'a mai jin ƙai. Inna Furera ta tsaya a matsayin uwar ango, tana guɗa tana kuka, tana zagin masu ɗaukar bidiyo wai suna ɗaukar ta ta gefen da ba ta da haƙori.

A hanya matan da suka raka ni suna ta yi mini faɗa. A cikin faɗan har da wanda na sani tun ina yarinya: daga yau sunan miji ya fita bakina, sai dai maigida ko wane.

Da gari ya waye na share tsakar gida, na dama koko. Yana waje yana gaisawa da maƙwabta. Na koma ɗaki na jingina salular da tulu, na gyara kallabi, na kunna. Na buɗe baki na rufe. Sannan na faɗi sunansa, duka, yadda aka raɗa masa.

Kunya ta rufe ni. Na buɗe montaj, na tsayar da farin layi, yatsana ya kai kan almakashi. Na daɗe a haka. Sai na ɗauke hannuna, na danna turawa da tsawonsa.

Rezon garinmu bai canza hali ba, abin sai juyawa yake. Na gaji da jira. Na ɗora salular a kan faifai kusa da kwanon koko, na kai masa da kaina.